Kumatun da Na Zana a Bangon Alhaji

Sana'ata rubutu da fenti. Duk wanda ya sauka a tashar Matameye ya karanta hannuna ko bai san ni ba: allon masu aski, allon mai gyaran babura, da "Haƙuri maganin zaman duniya" a bayan motocin da ke kwaso mutanen ƙauyukan Kurni da Yauri ranar kasuwa. A Kano na koyi aikin, shekarun da nake zuwa cin rani, a hannun wani mutum da ya fi ni iya zagi amma bai fi ni iya zana kifi ba. Na dawo gida da buroshi shida da girman kai buhu guda. Buroshin sun daɗe da ƙarewa.

A duk abin da na zana a garin nan guda ɗaya nake kira aiki, kuma shi ne wanda aka kankare a gabana. Amma kafin in kai ga bangon sai na faɗi abin da ba na son faɗa, don in ban faɗe shi ba za a ɗauke ni wawa zalla, alhali ni wawa ne mai dalili.

Ɗanmu na fari bai cika shekara biyu a duniya ba. A wata shekara da gero ya ƙi aka yaye shi, zawo ya kama shi, ya yi ta zubewa muna kallo. Da muka kai shi gidan likita suka ɗauko wata 'yar igiyar roba mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da kore, suka zagaya ta a damtsensa. Ta tsaya can cikin ja. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ban taɓa ganin laifinsu ba, mu ne muka makara. A kwanakin ƙarshe ba abin da ya rage a fuskarsa sai idanu da wata 'yar tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Ni da ke zana kifi da almakashi a bangon mutane, ban yi tunanin zana ɗana ba sai bayan an rufe shi.

Bayansa Allah ya ba mu 'yan mata biyu, sannan auta, namiji. Lokacin da aka haifi auta an fara raba wa mata irin wannan igiya su riƙa auna 'ya'yansu a gida. Maiɗakina ta karɓo tata ta rataye a ƙusa ɗaya da carbinta. Kowace Juma'a da safe sai ta ɗora yaron a cinya ta zagaya masa ita, ni kuma in tsaya a kansu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Kore. Mako ya zagayo, kore. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu: in yaron ya bar loma ɗaya a kwano, ranar ba mai sakewa a gidanmu.

Garin ma ya taya mu. A Matameye ba a leƙa rumbun mutum, kumatun ɗansa ake dubawa. Yaro in ya yi ɓul-ɓul, mata su ja kumatunsa su ce tubarkalla, a yabi uwarsa da iya raino, a ce ubansa tsayayye ne. Auta kuwa Allah ya yi shi mai karɓar abinci. Yana shekara biyar wuyansa ya yi ninki, in ya yi dariya idanunsa su ɓace. Nakan riƙo hannunsa in bi ta majalisar bakin tasha, ba don ina da abin yi a can ba, sai don a tambaye ni me nake ba yaron nan. Sai in ce ikon Allah ne, ina sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

A shekarar ne wani Alhaji mai shigo da kaya daga ƙetaren iyaka ya buɗe butik, wato kanti, daidai ƙofar lakwal, makarantar boko ta unguwarmu, titi kawai ya raba su. Kayan yara ya fi kawowa: biskit mai zaƙi a tsakiya, lemon roba ja da shuɗi mai rina harshe, alawa kala-kala. Masu kayan sukan haɗo shi da takardun talla, amma rana takan cinye launinsu, abin da ya rage awaki su ƙarasa. Sai ya aiko a kira ni, ya ce yana so a zana masa tallar a bangon da ke kallon lakwal, da fentin da ba zai tashi ba.

Gaskiya dai ɗaya ce, bari in faɗe ta: Alhaji bai nemi komai ba sai in kwafi abin da ke jikin takardar. Duk sauran dabarar tawa ce. Ni na ce masa yaron da ke jikin takardar, da gashinsa mai santsi, ba ɗan kowa ba ne a nan, yaranmu ba za su ga kansu a jikinsa ba, a bari in zana ɗan gida. Ni na ce a sauko da hoton ƙasa-ƙasa yadda idonsa zai faɗa cikin idon ɗan aji ɗaya. Ni na ce a fasa 'yar taga a gefen hoton daidai tsayin yaro, don kada ƙaramin da ke riƙe da dala biyar ya ji kunyar kutsawa cikin manya. Har kalmomin da aka rubuta a sama nawa ne: "Ci ka girma." Da na faɗe su Alhaji ya dube ni ya ce da ni ɗan kasuwa ne da tuni na tashe shi daga garin. Na yi kwana uku ina maimaita wa mutane wannan yabo.

Ɗan gidan da zan zana kuwa ba sai na je nema ba. Na zaunar da auta a benci da biskit a hannu, kwana huɗu, yana ci ina fitar da kumatu. Fentin mai na sa, na asali, wanda na daɗe ina ɓoyo tun daga Kano, na yi masa shafi uku. A rana ta ƙarshe ina gyara idanu, wani ɗan ɗigon baƙi ya sauka a ƙarƙashin idon hagu. Na ɗauko tsumma zan goge, sai na ga ya yi wa fuskar kyau, na bar shi. Na sa sunana a ƙasa da haruffan da suka fi na sunan biskit ɗin kauri.

Yabon kai jahilci ne, na sani, amma hoton ya yi kyau. Masu wucewa tsayawa suke yi. Yaran lakwal kuwa da an kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe goma sai su tsallaka titi su yi cincirindo a taga. Matan da suka saba zama a ƙofar lakwal da ƙosai da ɗanwake da dafaffiyar gyaɗa suka fara komawa gida da rabin kayansu. Na gani da idona, kuma ban ga komai a ciki ba sai shaidar cewa na iya aiki. Daga baya Alhaji ya ƙara da cewa duk yaron da ya tara ledojin biskit ya kawo za a ba shi ƙwallo. Wannan kam dabararsa ce, har na ji haushin da ba ni na fara tunaninta ba.

Da aka zo maganar lada na ce masa kuɗi kashewa ake yi a manta, gara ya riƙa ba ni katan ɗin biskit da lemo kowace ranar kasuwa. A ganina na yi wayo. Katan yakan shigo gida a kafaɗata, ta gaban maƙwabta, ba na yarda kowa ya ɗauko mini. 'Yan matan sukan ɗan taɓa, amma kowa a gidan ya san kayan na mai hoto ne.

Haka muka yi shekara huɗu. Auta ya daina shan fura, ya ce tsami gare ta. Koko sai an zuba masa sukari har ya koma wani abu daban. Tuwo da miyar kuka kuwa sai ranar da ya ga dama. In uwarsa ta matsa masa, ni ne mai cewa a bar yaro ya ci abin da ransa ke so, ai ci ci ne. Awon Juma'a ba mu daina ba, ko da yake ya daɗe da wuce shekarun da aka ce a riƙa aunawa. Wata safiya ta zagaya igiyar, sai bakinta ya ƙi kaiwa. Muka dubi juna. Na fita na sayo tsire muka yi walima, don a lissafinmu yaron ya wuce kore ya shiga inda yunwa ba za ta taɓa iske shi ba.

Alamu sun zo ɗaya bayan ɗaya, ban karanta ko ɗaya ba, ni da karatu da rubutu ne abincina. Ya ci kyautar ƙwallo har uku a wurin Alhaji, amma bai taɓa bin ɗaya da gudu ba, yakan zauna a dakali ya ba yara aro. In ya hau ɗan tudun bayan kasuwa sai ya tsaya yana haki. Ga kukan gwiwa kamar tsoho. Sannan bayan wuyansa ya yi baƙi, fatar ta yi kauri. Uwarsa ta ɗauka dauɗa ce, ta yi ta dirza da soso da sabulu har yaron ya riƙa kuka in ya ga bokiti. Ni na ce ba ta iya wanka ba, ita ta ce ruwan famfo ne. Da muka gaji da ɗora wa juna laifi, na kai shi gidan likita a ba mu man shafawa.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan unguwarmu, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya duba wuyan, ya ɗora yaron a sikeli, ya tsayar da shi jikin katako ya auna tsayinsa, ya daɗe yana kallon wata takarda. Na ga fuskarsa ba ta yi mini ba, sai na zaro igiyarmu daga aljihu, don da ita na zo, na ce masa in lafiyar jiki ce kada ya damu, yaron nan ko igiya ba ta zagaya shi. Ya karɓa ya jujjuya ta a hannu.

"Malam, wannan an yi ta ne don ta kama yunwa a jikin ƙananan yara. Launi uku gare ta. Ba ta da launin da zai gaya maka an wuce gona da iri."

Ya ce baƙin wuyan ba dauɗa ba ne, jiki ne ke nuna ya gaji da sukari, kuma in aka ci gaba a haka ciwon sukari na iya kama yaron tun bai fara gemu ba. Ya tambayi auta abin da yake ci daga safe zuwa yamma, auta ya jero masa tsaf, da murnarsa, kamar mai ba da hadda. Da aka tambaye shi wa ke kawo masa, ya nuna ni. Majo kullum ta gaban bangon nan yake wucewa a kan babur ɗinsa. Ya dubi yaron, ya dube ni, ya koma kan takardarsa, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Tsoron da na ji a ɗakin nan shi ne dai wanda na ji shekarun baya, bai canza kama ba. An ce garin neman ƙiba akan samo rama. Ni na nemi ƙiba na same ta, sai ga ta ta dawo da ni bencin da rama ta taɓa zaunar da ni.

Amma hali zanen dutse ne. Kafin mu iso gida tsoron ya koma fushi, fushin kuma ya samo masu laifi da yawa, ba ni a cikinsu. Akwai masu kamfani da ke cika leda da sukari su manna mata hoton zaki. Akwai tashoshin talabijin na ƙetare da ke saka waƙar biskit a tsakiyar wasan yara, har auta ya haddace ta tun bai haddace darasinsa ba. Akwai hukuma da ta zuba ido. Na yi mako guda ina bambami a majalisar bakin tasha, ana ba ni gaskiya, don mutanen majalisa sun fi son shayinsu a kan musu da ni.

Ashe majo ya riga ya yi magana da daraktan lakwal, kuma ba don auta kaɗai ba. Masu ƙiba irinsa kaɗan ne. Yawancin yaran sirara ne, amma su ma kuɗin karin kumallonsu a tagar nan yake ƙarewa, su koma aji da jan harshe da yunwarsu, ga haƙora na lalacewa. Darakta ya kira taron iyaye. Ina cikin kwamitin iyayen yara saboda na iya rubuta takarda da Faransanci, don haka na sa babbar riga na zauna a gaba.

Da aka ba ni dama na miƙe na yi jawabin da har yau nake jin daɗinsa in na manta yadda ya ƙare. Na ce yaro ba shi da wayon gane talla, duk abin da ya gani da launi gaskiya ne a wurinsa. Na ce wanda ya kafa tarko a hanyar yaro ya fi ɓarawo, don ɓarawo dukiya kawai yake ɗauka. Na ce dole hukuma ta sa doka. Ana ta gyaɗa kai, muryata na ƙara tashi, sai wata tsohuwa daga baya, cikin masu ƙosan da aka kashe wa kasuwa, ta ɗaga hannu. Tagar ajin a buɗe take, bangon Alhaji na kallonmu.

"Ɗana, gaskiya ka faɗa," in ji ta. "To ni idona ya yi rauni. Taimaka ka karanta mana sunan da ke ƙasan tarkon can."

Har darakta sai da ya sa hannu ya rufe bakinsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni nawa tudun har da sa hannu a gindinsa. Na zauna a hankali, ina jin babbar rigar ta yi mini yawa.

An dai cimma matsaya. Za a rubuta wa meri, wato ofishin magajin gari, a roƙi a hana tallar kayan zaƙi a bangon da ke kallon lakwal, a daina kyautar ƙwallo don tara leda, a kuma toshe 'yar tagar. Ni na rubuta takardar da hannuna mai kyau. Da amsa ta fito cewa meri ta amince aka kira Alhaji, ya zo da kansa, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai taɓa tsallaka titi ya jawo ɗan kowa ba, kuɗin da yara ke kawowa daga aljihun iyayensu yake fitowa, kuma in an shafe bango wa zai shafe tallar da ke cikin wayar hannun kowace uwa? Akwai gaskiya a maganarsa. Darakta ya ce a fara da inda hannu zai kai. Alhaji ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: wanda ya zana shi zai goge.

A gida an tsayar da katan. Wanda ya rage a ɗaki ni na cinye shi cikin kwana uku, a ɓoye, don in kare yaron daga sharrinsa. Auta ya yi kuka, ya yi yajin cin abinci na rabin yini, uwarsa ta yi ta shiga tana fita kamar wadda ta ɗora girki a ɗakuna biyu. Aka koma fura da wake da kwaɗon zogale, da la'asar kuma in ja shi mu taka zuwa gona mu dawo. Da jikinsa ya fara saki kaɗan, maƙwabta suka soma shigowa da fuskar jaje suna tambaya ko ciwo yake. Sau ɗaya na ga uwarsa ta miƙa hannu wajen ƙusar nan, ta fasa.

Tagar an toshe ta tun a makon farko. Bango kuwa ya zauna yadda yake. Na ce sai na samo farar ƙasa mai kyau. Na ce bayana na ciwo. Na ce ina da aikin allo a Yauri. Darakta ya aiko sau biyu, Alhaji kuwa in na wuce sai ya yi murmushi ya ce hoto na gaishe ni. Na gaya wa kaina cewa gwani ne ke jin ciwon aikinsa, wanda bai iya ba ba zai gane ba.

Wata safiya ina bayan tasha ina rubutu a jikin wata mota, sai ga auta da jakarsa yana tafe yana gumi. Daga gidanmu zuwa lakwal miƙaƙƙiyar hanya ce. Bayan tasha kuwa zagaye ne mai nisa da zai fito da shi ta ƙaramar ƙofar baya. Na tsayar da shi ina shirin faɗa, don na ɗauka wani butik ɗin ya gano. Yana kallon takalminsa ya ce ya fi shekara yana bin nan. In ya bi ta gaba yara sukan tsayar da shi jikin bangon, su kumbura kumatu, su ce a gwada a ga wa ya fi. Ba mai kiransa da sunansa a lakwal, Ci-ka-girma suke ce masa.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na ga kana son shi, Baba."

A ranar na kwaɓa farar ƙasa na shafe bangon, ina yi ina huci kamar wani ne ya hana ni tun farko. Ya yi fari tas, aka yi mini sannu da aiki. Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka, da gari ya waye sai ga kumatu sun leƙo, sai idanu, sai rabin rubutun. Garin ya samu abin dariya. Ni kuma, da yake Allah ya yi ni da baki, na tsaya a majalisa ina bayanin cewa fentin mai na asali ke nan, shafi uku, ba irin aikin yaran yanzu ba.

Na dawo gida da hantsi na tarar da maiɗakina a tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce ta ga farar ƙasar da na kwaɓa, ko tsinkakken koko ya fi ta kauri, kuma na san damina na bakin ƙofa. Na taso mata da faɗa, na ce tun yaushe ta fara koya mini sana'ata. Ta bari na gama.

"Malam, auta ba shi da tawadar Allah a ƙarƙashin ido."

Na ce ɗigon fenti ne, kuskure ne. Ta ce shekara da shekaru tana ganin aikina, ba ta taɓa ganin na bar ɗigo a bangon kowa ba. Ta ce tun ranar da na gama ta gane shi, kuma shekara huɗun nan duk ranar kasuwa ta nan take bi, ko da yake ba hanyarta ba ce, ta tsaya kamar mai gyara mayafi ta dube shi da kumatunsa, a ƙoshe. Ta ce ba ni kaɗai ke da laifi ba, ita ma ba ta so a goge. Sai ta ajiye rariyar.

"Amma wancan ya tafi da yunwarsa. Ba za mu ƙosar da shi ta bakin wannan ba."

Na zauna a bakin ƙofar ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kai ɗanmu na fari makwancinsa. Ita ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe, tana kawar da kai kada hawaye su ɗiga a gari.

Ba zan ce doka ta gyara duniya ba. Alhaji ya samo wani ƙyallen talla na roba ya rataye a bakin tasha, inda takardar meri ba ta kai ba, waƙar biskit kuma tana nan a wayoyi. Auta har yanzu ba siriri ba ne, ba na kuma roƙon ya zama. Wuyansa ya washe, yana hawa tudun bayan kasuwa ba tsayawa, majo ya rage daɗewa a kan takarda. Masu ƙosai sun dawo ƙofar lakwal, tsohuwar nan kuwa duk ta gan ni sai ta ce in zo in karanta mata wani abu. Igiyar mun ba wata maƙwabciya mai goyo, don a wurinta take da amfani.

Amma ranar da na fi tunawa ita ce washegarin maganar nan ta tsakar gida. Na ɗauki makankarin ƙarfe na tafi da sassafe. Fentin mai ba ya shafuwa, sai an bi shi da ƙarfe har a taɓa siminti. Na fara da sunana, wanda ya fi komai kauri ya kuma fi ba ni wahala. Na bi rubutun, na bi biskit ɗin, na bi hannun, na bi kumatun da na yi kwanaki ina fitarwa. Kafin ƙarfe goma bango ya koma toka-toka, ba abin da ya rage sai wani ɗan wuri da bai wuce tafin hannun jariri ba, da ɗigon a tsakiya. Na tsaya ina goge makankarin da ba ya buƙatar gogewa.

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fito. Auta ya tsallako titi da ƙosai a takarda, ya tsaya kusa da ni yana duba bangon sama da ƙasa, ni kuma ina duba shi. Haɓar uwarsa gare shi, da kunnuwan mahaifina. Na zaunar da yaron nan kwana huɗu a benci ban ga ko ɗaya ba.

"Baba, ka manta nan," ya ce.

Na miƙa masa makankarin. Ya ba ni ƙosan in riƙe masa, ya sa hannu biyu ya kankare wurin sau ɗaya. Ya hure ƙurar, ya karɓi ƙosansa, ya ba ni guda, ya koma lakwal ta ƙofar gaba.